An ba sabon shiga zoben ɓacewa, a yi min alƙalanci

Ɗan Samaru: Jama'a wlh raina a ɓace yake. Tun daga mataki na 1 nake jan jarumina a D&D (Dungeons & Dragons, wasan jarumai da ake yi a kan tebur), yanzu muna mataki na 6 amma takobina har yau mai ƙarin maki 1 ne kawai a wajen sara, shi kuma mai jan wasan namu jiya ya ɗauki zoben ɓacewa sukutum ya miƙa wa ɗan ɗakinsu da ya shigo kwanan nan. Zoben nan fa ajin almara ne, wanda dokokin wasan na 2014 suka nuna sai wajen mataki na 17 ake fara ganin irinsa. Kayan tsafin nan aji-aji ne, ba rabon goron biki ba. In ba son kai ba mene ne wannan?

Na Tudun Wada: Kayan me? Tsafi?? A'uzubillahi. Malam gyara bakinka, mu wasa muke da takarda da dayis, kar wani ya ɗauki hoton maganar nan ya kai gida a ce 'ya'yan mutane sun shiga tsafi

Ɗan Samaru: Toh me zan ce, ai ka gane abin da nake nufi

Na Tudun Wada: Ka ce sihiri mana

Yar Kongo: Kai kuma sihirin halal ne? 😂 Ka gudu ba ka tsira ba yaya

Bazazzagi: Ku duka kun bar gini kun koma tarar ƙasa. Zoben ɓacewa ai layar zana ne kawai, kakanninmu sun san labarinsa tun kafin Gygax da Arneson su fitar da wasan a 1974. Sulken da ƙarfe ba ya ci kuma ku je ku tambayi 'yan tauri

Na Tudun Wada: Kun gani ko, ga shi an kawo mana laya. Abin da nake gudu kenan

Yar Kongo: Bari in koma kan maganar tunda kowa ya manta. Aji biyar ne: gama-gari kamar ruwan warkarwan nan na zinare 50, sai wanda ba kasafai ba irin takobinka mai ƙarin 1, sai mai wuyar samu wanda ake farawa daga mataki na 5, makami mai ƙarin 2 nan yake, sai mai wuya sosai daga 11, sannan na almara. Kenan kai mai ƙarin 2 ya kamata ka nema, ba kuka a kan zoben wani ba. Kuma manyan kayan nan sai ka ɗaura su da jikinka, uku kawai aka yarda, ko buhu aka ba shi ba zai more duka ba

Oga PZ: Wane uku? Ni a Baldur's Gate 3 zobe biyu, sarƙa, hula, takalmi, safar hannu duk na zuba lokaci ɗaya ba wanda ya hana ni

Yar Kongo: Wancan na kwamfuta ne oga, kamfanin Larian da suka yi shi sun cire dokar, kuma a mataki na 12 yake tsayawa. Mu na tebur muke magana

Oga PZ: Na tebur wasan waɗanda ba su da kwamfuta ne 🤣

Ɗan Samaru: Kai da aro kake zuwa yi a shago kana jiran a kawo wuta, rufa mana baki

Bazazzagi: Dama 'yan Samaru haka kuke, kowa ya kwana kusa da jami'a sai ya zama farfesa

Na Tudun Wada: Ni dai har yanzu bai janye kalmar ba

Ɗan Samaru: Ba zan janye ba!! Wanda ya ba da zoben ma yana nan yana karantawa ya yi tsit

Admin: Toh ya isa haka. Na bi maganar tun daga sama, abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kalmar tsafi ba ta dace ba, daga yau a riƙa cewa kayan ban mamaki. Batun zobe kuma lambobin matakan nan shawara ce ba dole ba, mai jan wasa shi ke da wuƙa da nama a teburinsa, kuma yaron nan da aka ba yana da ladabi, shi ke kawo mana dayis da fura duk Asabar. Ɗan Samaru ka yi haƙuri ka riƙe takobinka. Na rufe.

Yar Kongo: Admin ai kai ne mai jan wasan 😭