Wane suna za mu ba "fairy house" da Hausa?

Jama'a, ku zo ku taya ni. Jiya 'yar ƙanwata ta miƙo min waya, ta nuna min bidiyon wata Baturiya tana ƙera ɗan mitsitsin gida da robar ruwa. Ta yanke wa robar ƙofa da taga, ta lulluɓe ta da tsohuwar jarida da aka jiƙa da gam, ta fasa kwalin ƙwai ta jera shi kamar duwatsun bango. Rufin kuwa ta yi shi kamar laimar kwaɗi, ja mai ɗigo-ɗigon fari, ta manna gansakuka a gindi, ta saka 'yar fitila mai batir a ciki. Duka gidan bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Sai yarinya ta ce, "Kawu, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa.

Abin da ya fara zuwa min shi ne "gidan aljanu". Da na faɗa, kakarta da ke kan tabarma ta ce, "A'uzubillahi! Ba a gidan nan ba." Kuma gaskiyarta. Bahaushe in ya ji gidan aljanu, kango yake gani, ko gindin tsamiya da ake hana yara zuwa da tsakar rana. In ka mayar da shi mace ka ce "gidan aljana", saura kiris ya zama gidan Aljanna, ka ga an shiga wata maganar daban.

Ko da yake, a asali, "fairy" ɗin ba ta yi nisa da aljanunmu ba. A ƙauyukan ƙasar Ailan har yau akwai manoman da ba sa taɓa wasu tsoffin ganuwoyi da wasu bishiyoyi don tsoron "fairy" da ake cewa suna zaune a wurin, kamar yadda ake shakkar sare tsohuwar kuka a wajenmu. Daga baya ne littattafan yara suka rarrashe ta, ta koma 'yar ƙaramar yarinya mai fukafukan malam-buɗe-littafi. A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila suka yanko irin waɗannan zane-zane daga takarda, suka kafe su da fil a bakin rafi, suka ɗauki hoto. Manya masu ilimi suka gaskata, sai a 1983 'yan matan, sun riga sun tsufa, suka amsa cewa takarda ce. To wannan ta wasan ita ake gina wa gidan, ba mai shafar mutane ba.

Wani malamina ya kawo "gidan 'yar tsana". Allah gafarta Malam, na so in karɓa, amma 'yar tsana ana sa ta a ciki, a yi mata aure, a jera mata kayan ɗaki. Wannan kuwa ba kowa a cikinsa, daɗinsa ke nan: a ajiye shi a gindin bishiya, yaro ya leƙa ta taga yana tunanin masu gidan sun fita. A tsibirin Monhegan na jihar Maine a Amurka, cikin daji ake gina su da ƙirare da ɓawon itace da tsakuwa, a tafi a bar su. A garin Ann Arbor na jihar Michigan ma ƙofofi kawai ake maƙalawa a ƙasan bangon shaguna, tun 2005.

Wata ta ce "gidan wadanni". A'a, Hajiya, wada mutum ne, kada mu ci fuskar bayin Allah. "Gidan Gizo" ya ba ni dariya, ya kuma kusa, sai dai kowa zai ɗauka yana ake nufi. Wanda ya ce "akurki" kuma, Allah ya shirye shi.

Ni dai na tsaya a kan "ɗan gidan almara", jam'i "'yan gidajen almara". "Ɗan" ya ɗauke ƙanƙanta, "almara" ta nuna abin ƙage ne na nishaɗi, ba tsoro ba tsafi. "Gidan tatsuniya" ma ya yi, amma yana kama da wurin da ake taruwa a yi gatanan gatananku.

Kayan aikin bai ba ni wahala ba: kayan bola ne, irin wanda 'yan jari-bola ke bi lungu-lungu suna tsinta. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa, muna yin taya da marfin kwalba, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 

Na gwada sunan a kan mai tambayar. Ta maimaita shi sau biyu, ta ce, "To Kawu, a ajiye min robobin lemo." Kakarta ta ce an yarda, amma ban da ajiye shi a gindin tsamiya.