Taimako: me za mu kira asteroid kafin ƙarfe shida?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina da rahoto da zai fita ƙarfe shida kan Apophis, asteroid ɗin nan da zai gifta kusa da duniya ranar 13 ga Afrilu, 2029. Faɗinsa kimanin mita 340 ne, kuma zai wuce a tazarar kilomita 32,000, ƙasa da inda wasu taurarin ɗan Adam na sadarwa suke. Me zan kira shi? Kuma masana sun sa shi a rukunin masu iya zama haɗari, ban san yadda zan faɗa ba tare da na tayar wa mutane da hankali ba.

Ɗan Jarida: Tauraro mai wutsiya mana, Malama. Kowa ya san shi.

Malamin Kimiyya: A'a, wannan daban. Mai wutsiya ƙanƙara ce da ƙura, in ya kusanci rana sai ya yi tururi, wutsiyar ke nan. Wannan kuwa dutse ne ko ƙarfe, yana kewaya rana abinsa. Ni dutsen falaki nake ce wa ɗalibaina.

Dattijo: Falaki Larabci ne. Muna da tamu tun kaka da kakanni: gatarin aradu. Abu ne da ke faɗowa daga sama, me kuma ake nema?

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe, gatarin aradu da tsawa ake danganta shi. Kuma Apophis ba faɗowa zai yi ba. Tun 2021 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ce ba zai bugi duniya ba nan da shekara 100.

Ɗan Jarida: To a ce ɗan duniya, tunda ƙaramar duniya ce.

Dattijo: Ɗan duniya! Sai a ɗauka wani tantiri ne zai zo 2029. Ku yaran yanzu in Bature bai raɗa wa abu suna ba, kunyar naku kuke ji.

Ɗan Jarida: Baba, kai da ke cewa littafi da alƙalami, yau falaki ce ta tsone maka ido?

Dattijo: Waɗannan sun daɗe sun zama 'yan gida.

Mai Fassara: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Batun haɗarin fa?

Malamin Kimiyya: Nan ne aikin yake. Ana sa dutse a rukunin ne in faɗinsa ya kai kusan mita 140, kuma hanyarsa na kusantar ta duniya da ƙasa da kilomita miliyan 7.5. Ba wai yana nufo mu ba ne. In kika ce "mai haɗari", gobe sai a ce rediyo ta ce za a yi tashin ƙiyama. Abin mamaki ma, wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a 2013, ya jikkata mutum kusan 1,500, yawanci da fasassun gilasai, mita 20 ne kawai, bai ma isa shiga rukunin ba. Ki ce "da masana ke sa wa ido".

Mai Fassara: Madalla. Na rubuta "dutsen falaki da masana ke sa wa ido", zan bayyana shi a jimla ta biyu.

Dattijo: A je a haka don na yau. Amma ni a nawa rubutun gatarin aradu zan sa.

Ɗan Jarida: Jam'in fa? Duwatsun falaki ko duwarwatsun falaki?

Mai Fassara: Guda ɗaya ne a rahotona. Na shiga ɗakin watsa shiri.