Waɗanda suka taɓa sayar wa dillalai tsofaffin kayan gado, me kuka gani?

Ɗan Kabi, Argungu:
Assalamu alaikum. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, wani dillali ya yi mana sallama, ya ce ya ji labarin marigayi ya bar tsofaffin kayan doki. Na fito masa da takobi a cikin kubensa na jar fata, da likkafa guda biyu na tagulla waɗanda kakanmu ya riƙa hawa da su. Ya zare takobin, ya kankare bakinsa da farce, ya taɓe baki, ya ce ƙirar jiya ce, likkafar kuwa sai dai ya auna ta a sikeli kamar yadda 'yan gwangwan suke yi. Da na nuna ina so in yi shawara, sai ya miƙe ya ce motarsa za ta tashi, kuma ba zai sake biyowa ta nan ba. Na sallama masa duka a kan naira 15,000. Bayan wata biyu na raka baƙi gidan tarihi na Kanta, wato tsohuwar fadar da aka gina a 1831, na ga irin kayan da na rabu da su an adana su ana nuna wa jama'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan na magada ne, ƙannena mata suna da haƙƙi a ciki, amma ban tuntuɓe su ba. Ina roƙon duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya ba mu labari.

Jikar Inna, Jega:
Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Kakarmu ta bar mana tsofaffin kuɗin azurfa guda shida masu hoton kan wata mace, an ƙera musu kunne ana ratayawa a wuya, kowanne ɗauke da shekarar 1780. Dillalin da ya zo ya ce dalma ce aka shafa wa ruwan azurfa, ya taya su a kuɗin da bai kai na turmin atamfa ba, shi kuwa yayanmu ya dage cewa abin da ya haura shekara 200 sai miliyoyi. Na ɗauki guda ɗaya na kai wa wani dattijon maƙerin fari, ya cilla shi a kan dakalin siminti ya saurari ƙararsa, sannan ya auna ya samu kusan giram 28, ya ce azurfa ce ta gaske. Amma ya ƙara da cewa dalar Mariya Tereza ce, wato kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniyarsu, kuma an ci gaba da buga ta shekaru masu yawa ba tare da an canja 1780 ɗin ba, saboda haka shekarar ba ta nuna tsufanta. Ashe dillalin ƙarya ya yi, yayanmu kuma buri ya yi masa yawa. Mun sayar da huɗu a kan farashin azurfa na ranar, mun ajiye biyu.

Malamin Firamare, Birnin Kebbi:
Hajiya, kin yi dabara da kika nemi wanda ba shi ne mai saye ba ya yi miki ƙima. Ni littafin fiƙihu ne rubutun hannu a cikin gafaka, wanda aka ce daga Gwandu kakanmu ya zo da shi. Mutumin ya ce asu ya cinye shi, ba shi da wani amfani, sai dai zai taimaka ya ɗauki waraƙa uku masu zayyana. Nan na gane manufarsa, domin wanda ya ce abu ba shi da daraja ba zai tsaya yana zaɓen shafuka ba. Daga baya na samu labarin cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba, kuma kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918 suna ƙarƙashinta. Wato da na sayar, ni ma da na shiga laifi.

Bayawuri:
Ni da tsada aka yaudare ni. Wasu mutum biyu suka ce dutsen gugar mahaifiyata na gawayi, mai zakara a ka, yana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke nema, za su biya naira miliyan 2, amma sai na ba da 20,000 kuɗin gwaji. Na biya, suka tafi da dutsen, lambarsu kuma ba ta sake shiga ba.

Ɗan Kabi, Argungu:
Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Malam, saura sirdi da alkyabba a ɗakin marigayi, kuma dillalin nan ya aiko yaro jiya yana tambaya. Na ce a gaya masa ba na sayarwa ba ne. Ranar Juma'a zan tara ƙannena in faɗa musu abin da ya faru da takobin, in biya su kasonsu.