Sabis a cike amma kiran WhatsApp na tsinkewa, me ke jawo haka?

Abban_Samaru:
Slm jama'a. Ina da shagon fotokofi a Samaru kusa da jami'a, na sa rauta saboda ɗalibai masu zuwa cike fom. Abin da ke ɗaure min kai, da an yi magariba sabis na nan a cike a waya amma kiran WhatsApp sai ya dinga tsinkewa, alhali in na kira da kati muryar fes take fita. Ba turke ɗaya muke hawa ba? Sannan a shago mutum ɗaya in ya fara sauke bidiyo shikenan kowa ya tsaya. Masana a taimaka don Allah.

Injiniya_TudunWada:
Wslm malam. Turke ɗaya ne amma ba layi ɗaya kuke bi ba. Sandunan nan na waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ke rububi. Kowane kamfani iya faɗin zangon sigina (frequency) da hukumar sadarwa ta NCC ta ba shi lasisi yake da shi kuma abin akwai tsada, a gwanjon 5G na Disamba 2021 kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 ya ci 100MHz a zangon 3.5GHz. To wannan faɗin ne ake yankawa. A 4G turke na sake rabo duk milisakan 1, yankin 180kHz ga wannan, wasu ga wancan, kuma ba raba daidai yake yi ba, buƙata yake dubawa. Murya data kaɗan take ci amma ba ta jure jinkiri, shi ya sa kiran VoLTE, wato kiran kati ta kan 4G, ke da aji na musamman da ake kira QCI 1, rabonsa tabbatacce ne kuma ana so jinkiri kar ya wuce milisakan 100. Wayar da ba ta da VoLTE kuma sauka take yi 3G ko 2G ta yi kiran. Shi kiran WhatsApp a wurin turke data ce kawai, yawanci layinsa ɗaya da mai kallon TikTok.

Maryam_Kongo:
Injiniya ni fa wannan rabon bai kwanta min ba. Mai lacca ta Zoom da mai kallon wasan barkwanci a ce aji ɗaya suke? Kuma wanda ke nesa da turke fa, kuɗin data ɗaya muke biya.

Injiniya_TudunWada:
Gaskiyarki Hajiya, damuwar kenan. Na nesa sai ya ci yanki da yawa kafin ya samu abin da na kusa zai samu da kaɗan, in aka ce sai an daidaita su kowa zai yi ƙasa, in aka fifita na kusa shi kuma an danne shi. Shi ya sa ake bin tsaka-tsaki, turke na tuna wanda ya daɗe bai samu ba sai ya ɗaga shi.

Sani_PZ:
Oga maganar shago kuwa da sauƙi. Wi-Fi ba lasisi, kowace na'ura sai ta saurara ta ji shiru kafin ta aika, kuma a 2.4GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne kawai ba sa hawa kan juna, ga na maƙwabta ga hotspot ɗin ɗalibai. In rautarka na da 5GHz mayar da kwamfutocin aiki can, ka kunna WMM, wato setin da ke fifita murya da bidiyo, sannan ka sa wa kowane kwastoma iyakar gudu.

Abban_Samaru:
Allah ya saka da alheri. Sani iyakar gudun nan a ina zan same ta a setin?