A ina kuka fara gane cewa oksijin ba ya tafiya shi kaɗai?

Malamin kemistiri, Zariya: Assalamu alaikum. Jiya na gama duba takardun 'yan SS2, abin ya dame ni. Na tambaye su: giram 16 na iskar oksijin mol nawa ne? (Mol ma'aunin yawan ƙwayoyin abu ne a kemistiri.) Da yawa suka rubuta 1, kamar dai oksijin atam ɗaya ne mai nauyin mol giram 16. Amsar ita ce 0.5, domin oksijin da muke shaƙa atam biyu ne a manne, O₂, nauyin mol ɗinsa giram 32. Ku da kuka wuce nan, me ya sa abin ya zauna muku?

Ɗalibar likitanci: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma wannan 16 ɗin ya ci min maki a gwajin da muka yi kafin WAEC. Washegari malamarmu ta fito da mu gaban allo, ta haɗa mu biyu-biyu muna riƙe da hannun juna: haidurojin, naitirojin, oksijin, fulorin, kulorin. Ta zaunar da wasu can gefe ɗai-ɗai, ta ce su ne hiliyam, niyon da agon, zagayensu na waje ya cika da elektiron, ba sa neman abokin tarayya. Masu naitirojin kuwa ta ce da suna da hannu uku da duka za su riƙe, saboda ɗaurinsa uku ne, shi ya sa yake da wuyar rabuwa. Har yau in zan rubuta N₂ fuskokin yaran nan biyu nake gani.

Mai walda, Kano: Malam, ni a bakin aiki na gane. In muna waldar alminiyam, tukunyar agon muke buɗewa ya lulluɓe wurin da ke narkewa. Rannan iskar ta ƙare ban lura ba, ɗinkin ya fito baƙi, duk ƙananan ramuka. Ƙanena da ke jami'a ya ce agon ba ya haɗuwa da ƙarfen, shi ke tare oksijin da naitirojin kada su shiga.

Tsohon mai kula da ɗakin gwaji: Allah ya ƙara basira. A gaya wa yara buromin da ayodin ma biyu-biyu suke, sai dai a zafin ɗaki na farko ruwa-ruwa ne, na biyu daskararre.

Malamin kemistiri, Zariya: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan fito da su gaban allo, in sha Allah.