Musayar waƙa a kan Ime Udoka, ɗan bencin da ya zama koci

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Yau ƙwallon kwando na ɗauko. Ime Udoka, kocin Houston Rockets a NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, haifaffen Portland ta Amurka a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya. Mai ja ya shigo da baitinsa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
In waƙe Udoka jinin Najeriya.

A 2000 aka zaɓi sababbin 'yan wasa,
NBA ta wuce shi ba ko waiwaya.

Ya ɗau jaka sai Fargo mai sanyi,
Daga can Ajantina ya yi tafiya.

Sifaniya, Faransa, har Lituweniya,
Duk inda ke da kwando ya yi zarya.

Lakers sun ba shi wasa 4 kacal,
Suka ce mun gode, sauka lafiya.

Sai 2006 garinsu ya tuna da shi,
Yana da 29, an wuce ƙuruciya.

Wasa 75 da shi ake farawa,
Portland ta ga amfanin mai juriya.

Wanda ya sha benci ya san ciwonsa,
Shi ya fi tauraro iya tarbiyya.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, almajirinka zai saɓa. Ka manta da Popovich, kocin San Antonio Spurs da Udoka ya yi wa mataimaki.

Malam, waƙarka da zaƙi a kunne,
Amma hujjar ba ta gamsar da ni ba.

In yawon duniya ke mai da mutum koci,
Da direban tirela bai rasa ƙungiya ba.

A faɗi gaskiya, Popovich ne ya yi shi,
Ba Fargo ba, ba kuma Ajantina ba.

Shekara 7 yana gefen tsohon nan,
Tun 2012 bai gusa ko'ina ba.

Kofin San Antonio na 2014,
Mataimaki yake, ba mai gida ba.

Nuna min kofi guda da sunansa,
Har kakar 2025 ban gan shi ba.

Hajiya Uwar Kwando:
Ku dakata. Daga Malam har ɗan nan, kun tsallake inda ya fi shafar mu: wasan da ya yi wa D'Tigers, ƙungiyar kwandon Najeriya, a gasar Afirka da ta duniya.

Kuna ta Amurka, kun bar na gida,
Koriyar riga ya sa saboda mu.

Aljeriya 2005 yana cikin D'Tigers,
Da tagulla muka dawo gidanmu.

Japan 2006, gasar duniya,
Sabiya da Montenegro sun ji a hannunmu.

Jamus ta Nowitzki ce ta tare hanya,
78 da 77, maki ɗaya ya raba mu.

Madagaska 2011 ya sake amsa kira,
Wata tagullar ta shigo aljihunmu.

Yayarsa Mfon ta je Atina a 2004,
A Olamfik ita ke jan matanmu.

Malam Mai Alli:
Hajiya, Allah ya saka, na karɓi gyara. Kai kuma ɗana, matso kusa, don nan maganar take: lokacin da ya zama kocin Boston, ƙungiyar tauraro Tatum.

Popovich malami ne, ban musa ba,
Ai kai ma da wanda ya koya maka.

Amma Boston ba da tsohon ya je ba,
2021, daga shi sai allo da jaka.

Janairu, sun ci 18 an ci su 21,
Gari ya ɗau zafi, ko'ina suka.

Suna gaban Knicks da maki 25,
Aka rama, aka cinye su a daren duka.

Ya fito ya ce yaransa ba taurin zuciya,
Ko kai ne Tatum, zai faɗi laifinka.

Sai ya koma kan tsaro, sana'arsa,
In an tare ka, ɗan'uwa ya karɓi naka.

Robert Williams ya bar shi kusa da kwando,
Ka taso da ƙwallo ya mare ta gabanka.

Smart ya zama gwarzon tsaro na shekara,
Nasara 51 suka rufe kaka.

Brooklyn ta Durant an share ta 4 da babu,
Giannis ya kai wasa 7 ya sauka.

Miami ma 7, a gidanta aka gama,
Kakar farko ke nan, ina tambayarka:

Shi da tsaro ya ci tuwo a Spurs,
Wane tauraro zai koyar da haka?

Ɗan Sabon Gari:
Malam ya kai Miami ya ja birki. Bari in ƙarasa masa da Curry, tauraron Golden State.

Wasan ƙarshe Curry na can yana jira,
A karo na 6 ya gama da shi.

Boston na gaba 2 da 1 fa, Malam,
Uku a jere aka ci su a gabanshi.

Satumba 2022 ba ruwan Curry,
Boston da kanta ta dakatar da shi.

Kaka guda cur, ya karya dokar ƙungiya,
Mai wa'azin ɗa'a, nan aka kama shi.

Mataimakinsa Mazzulla ya hau kujera,
Kofin 2024 ya zo gari babu shi.

Baban Yara na Tudun Wada:
Ni mai karatu ne kawai a nan, amma yau sai na tofa.

Laifin Boston nasa ne, ba mai wanke shi,
Kujera ce ya samu, shi ya ɓata.

Afrilu 2023 Houston ta kira shi,
Ƙungiyar Olajuwon da nasara ta guje mata.

Wasa 22 ta ci a cikin 82,
Kowa ya zo ya taka ya wuce ta.

Aka kawo VanVleet da Dillon Brooks,
Tsofaffin hannu su riƙe ragamarta.

Kakar farko 41, ta biyu 52,
Ta biyu a Yamma, ana shakkarta.

Şengün Baturke da Amen Thompson,
Ƙwallo ta dawo daga kwando, sun cafke ta.

Ɗan Sabon Gari:
Baba, ta biyu a Yamma, na ji na yarda,
Wa ya fitar da su a zagayen fari?

Wasa na 7, a Houston, gaban jama'arsu,
Golden State ce dai, gidan su Curry.

Malam Mai Alli:
Madalla ɗana, da bakinka ka kawo min shaida.

Sau biyu ka kira Curry a majalisa,
Wa ke horar da shi? Kerr, ɗan benci.

Na 50 aka zaɓe shi a 1988,
Kofi 4 gare shi tun da ya zama koci.

Magic Johnson ya karɓi Lakers a 1994,
Wasa 16, guda 5 kawai ya ci.

Gwani bai san yadda ake kasawa ba,
Yaron da ya kasa, a wajensa malalaci.

Ɗan Sabon Gari:
Malam ya iya zaɓen shaidu, wallahi.

Ka ɗauko Magic ka ɓoye Bill Russell,
1968 da 1969, kofi biyu a hannunsa.

Yana koci, yana kuma cikin fili,
Tauraro ne, ba mai ja da sunansa.

Larry Bird gwarzon koci a 1998,
Kakar farko, Indiana ce shaidarsa.

Udoka dai an kawo masa Durant,
Wanda ya share jiya, yau ɗan wasansa.

In ya ɗau kofi zan yi masa ƙwar biyar,
In Curry ya sake, Malam kai za ka amsa.