Shin tambarin Newbery ya isa hujja?

Malama daga Nima: Assalamu alaikum. Na samu ƙagaggen labarin tarihi na yara kan yarinyar da ta girma lokacin yaƙi, ɗauke da tambarin Newbery, wato lambar yabo ta littattafan yara. Shin wannan ya isa in ba ɗalibaina?

Malam daga Kumasi: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ce ke bayar da lambar tun 1922, ga marubutan ƙasar da mazauna cikinta kaɗai. Ta shaida ingancin rubutun, amma alƙalanta ba su san yaranmu na zango ba.

Hajiya daga Sabon Zango: Malama, ki fara karanta shi da kanki, musamman inda aka kwatanta mutuwa, kafin ki kai shi aji.